Kama Da Wane Ba Ta Wane: Ƙananan Laimar Kwaɗi A Damunar Maruda

Idan watan Agusta ya kama, aka jera kwanaki ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, duk wanda ya yi sammako a Maruda zai tarar da abin da bai bari ba jiya da magariba. A gefen garke inda kashin shanu ya jiƙe ya soma ruɓewa, a bakin juji, a gindin darni, da cikin kiri-kirin da ya rufe hanyar fadama, wasu 'yan huluna sun tsattsaye a kan siraran ƙafafu. Wata ba ta kai faɗin farcen babban yatsa ba. Launinsu na ƙasa ne, wata ta ja zuwa ruwan zuma, wata ta yi toka-toka, wata ta yi duhu a tsakiya ta yi haske a baki. Kafin azahar rana ta kwantar da akasarinsu. Laimar kwaɗi ke nan, wadda wasu ke kira naman kaza.

Maruda gunduma ce a Ƙaramar Hukumar Gwandu ta Jihar Kebbi, ƙasar noma da kiwo, gero da dawa da wake a tudu, shinkafa a kwari, dabbobi a kusan kowane gida. Ba a san mu da ciyawar ado irin wadda Turawa ke shukawa a ƙofar gida suna aske ta duk mako ba, sai fa in an shiga gidajen gwamnati na Birnin Kebbi ko harabar manyan makarantu da asibitocin Kalgo. A can Turai da Amurka, cikin wannan ciyawar adon ne ƙananan laimar ke damun iyaye. To amma abin da ke fito da su can, wato danshi da ruɓaɓɓiyar ciyawa da taki, mun fi su shi da damina. Wanda abin ke rutsawa da shi kuma guda ne ko'ina: yaro mai rarrafe ko ɗan shekara biyu zuwa uku, wanda duk abin da hannunsa ya kai sai ya wuce baki.

A Amurka, inda ake rubuta irin wannan lissafi, wani nazari da aka wallafa a 2018 ya tattara rahotanni 133,700 na waɗanda suka haɗu da laimar kwaɗi tsakanin 1999 da 2016. Fiye da rabinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara shida. Mafi yawa ba su sami wata illa mai tsanani ba, amma mutum 52 sun mutu. Wannan lissafi ya nuna fuskar matsalar sarai. Akasarin ƙananan nan ba sa kisa, kaɗan daga cikinsu na kisa, kuma ido ba ya iya raba su.

Iyayenmu mata sun daɗe da yanke hukuncinsu. Yaro na miƙa hannu sai ka ji daga bakin madafa: "Kai! Yar da ita, guba ce!" Akasarin Hausawa ba su ɗauki laimar kwaɗi abinci ba. Matar da ta san tafasa da yaɗiya da lalo da gasaya tun daga nesa, ba ta taɓa sa wannan a ƙwaryarta. A ganina wannan hani daidai yake, kuma a kan ƙanana masu ruwan ƙasa masanan duniya ma a kansa suka tsaya. Inda hanin ke gazawa shi ne ranar da aka juyo aka ga yaro yana tauna, rabin hular a hannunsa. Daga nan tsawa ta gama amfani, sai sani.

Abin da ke ƙarƙashin hular

Laimar kwaɗi ba tsiro ba ce. Ba ta da koren ganye, ba ta cin hasken rana. Ainihin jikinta fararen zare ne sirara da ke shimfiɗe cikin ƙasa ko taki ko ruɓaɓɓen itace, suna narkar da abin da ya mutu suna mai da shi ƙasa mai albarka. Wanda ya taɓa juya tsohon juji ya ga farin abu ya dunƙule tarkacen kara, to ya gan su. Abin da ke fitowa sama bayan ruwa 'ya'ya ne kawai, aikinsu su watsa ƙurar iri su mutu. Shi ya sa tsigewa ba ta ƙarar da su, gobe in an yi ruwa wasu su fito. Wannan ƙura kuwa yaran ƙauye sun san ta, domin ita ce baƙin garin da ke tashi idan aka shuri busasshen tumukun suri.

Masana sun sa wa nau'i kusan 150,000 suna a babban dangin da laimar kwaɗi ke ciki, alhali wani rahoton lambun binciken tsirrai na Kew da ke Ingila ya ƙiyasta a 2023 cewa akwai kimanin miliyan 2.5 a duniya. Cikin waɗanda aka sani ma, ƙanana masu ruwan ƙasa su ne suka fi ba da wahala, har masu wannan fanni suka tara su a rukuni ɗaya suna kiran su da kamanninsu kawai, saboda sau da yawa sai an sa ƙurarsu a ƙarƙashin madubin ƙara girma ake sanin wace ce wace. Wani abin da ke ƙara rikita lamarin shi ne launin hular da yawansu ba ya zama wuri ɗaya. Da asuba tana jiƙe, ta yi duhu tana sheƙi. Da hantsi ta soma bushewa daga tsakiya, sai ta yi launi biyu. Da rana ta koma fari-fari. Mutum uku za su ga abu ɗaya a lokuta uku, kowa ya rantse daban ya gani.

Don haka mai son ganewa ba ya tsayawa a saman hula. Yakan tono ta gaba ɗaya da wuƙa ko tsinke, har gindi, kada ya tsinke ta a tsakiya, saboda wasu alamomin a cikin ƙasa suke. Taɓawa ba ta cutarwa, a dai wanke hannu bayan an gama. Sai ya kifar da ita ya dubi zara-zaran haƙarƙarin da ke ƙarƙashin hular: wane launi ne, sun manne da ƙafar ko sun bar tazara? Ya duba ko akwai zobe a ƙafar, ko wata 'yar jaka a gindi. Ya lura da inda ta fito, kan kashin shanu ne, kan itace ne, cikin ciyawa ne ko kusa da suri.

Sai babban gwaji, wanda ba ya buƙatar ko kwabo. A yanke hular daga ƙafarta, a sami farar takarda a shafa wa rabinta gawayi ko baƙin alƙalami, a kifa hular a kan iyakar fari da baƙi, a ɗiga mata ɗigon ruwa ɗaya a sama, a rufe da kofi don kada iska ta shiga. A ajiye inda yara da kaji ba sa kaiwa. Bayan awa huɗu zuwa kwana guda, in aka ɗaga kofin aka cire hular a hankali, za a ga zanen haƙarƙarin ya fito a kan takardar, layi-layi daga tsakiya zuwa baki, da ƙurar da ta zubo. Launin wannan ƙura ba ya sauyawa da rana ko ruwa, kuma shi ne mabuɗin farko na sanin dangi.

Idan ƙurar baƙa ce ƙirin, kuma haƙarƙarin ya yi dabbare-dabbare, wani wuri duhu wani wuri haske, galibi dangin Panaeolus ne. Su ne mazauna garke da makiyaya, masu hula kamar ƙararrawa da doguwar ƙafa siririya mai saurin karyewa. Dabbare-dabbaren na zuwa ne saboda ƙurar ba ta nuna lokaci ɗaya. 'Yar uwarsu da ta fi yawa a ciyawar ado ta Turai da Amurka, Panaeolina foenisecii, ƙurarta ruwan ƙasa ce mai duhu, kuma ita ce yaran can suka fi ci ba tare da wata babbar illa ba. Amma wasu daga dangin suna ɗauke da sinadarin silosaibin mai juya hankali. Yaron da ya ci irin wannan, cikin rabin awa zuwa awa guda zai soma tangaɗi, baƙin idonsa ya buɗe, ya yi ta dariya ko kuka ba dalili, yana nuna abin da ba kowa ke gani ba. A ƙauyukanmu abin da za a fara cewa shi ne ya yi gamo, a ɗauko hayaƙi da rubutu. Addu'a ba ta hana a duba hannunsa da bakinsa da inda ya yi wasa.

Idan ƙurar ta fito launin tsatsa, a nan ake kama numfashi. Wannan launi na dangin Conocybe ne da Galerina. Akasarin Conocybe 'yan mitsi-mitsi ne masu hula mai tsini, da ke fitowa da asuba cikin ciyawa su narke kafin hantsi ya yi nisa. To a cikin makusantansu akwai Pholiotina rugosa, wadda tsofaffin littattafai ke kira Conocybe filaris: hularta ba ta wuce santimita biyu da ɗoriya ba, tana da ɗan zobe a ƙafa wanda kan zame ya faɗi, kuma tana ɗauke da amatoksin, dafin da ke kashe hanta. Galerina marginata, mai fitowa a ruɓaɓɓen itace, dafinsu ɗaya. In zoben ya faɗi, babu abin da ido zai kama ya bambanta mai kisa da marar laifi.

Farar ƙura ma ba takardar shaida ba ce. Marasmius oreades, wadda Turawa ke ci, fara take zubarwa. Haka ƙananan Lepiota, masu farin haƙarƙari da ɓawon-ɓawon ruwan ƙasa a saman hula da ɗan zobe a ƙafa, waɗanda danginsu ke da yawa a ƙasashe masu zafi. Ɗaya daga cikinsu, Lepiota brunneoincarnata, ta kashe mutane a Turai da Asiya, kuma a 2010 likitoci a Tunisiya sun wallafa rahoton mutum 4 da ta kashe. Gwajin takarda yana rage yawan waɗanda ake zargi, yana ba likita haske. Ba ya ba kowa izinin ɗora tukunya.

Baƙo da abin da ya sani a gida

Ba kowa ne a Najeriya ke gudun naman kaza ba. Yarbawa da Ibo da Tibi da Nufawa da Gwarawa suna ci, kuma suna da ilimin da suka gada a kai. Tun 1975 masanin nan B. A. Oso ya wallafa nazari a kan sunaye da amfanin da Yarbawa ke yi da shi. Abin da aka fi so a duk Afirka shi ne dangin Termitomyces, waɗanda gara ke nomawa a cikin suri don abincinta. Alamarsu ita ce tsini mai tauri a tsakiyar hula, wanda da shi suke huda ƙasa, da doguwar saiwa mai gangarawa har cikin gidan gara, da ƙura mai ruwan hoda. A Zambiya akwai wadda faɗin hularta kan kai kusan mita guda. Akwai kuma ƙaramarsu, Termitomyces microcarpus, mai fitowa ɗaruruwa a wuri ɗaya, ita kuwa ba ta da doguwar saiwar, wato alamar da aka fi dogara da ita ba ta nan a inda aka fi buƙatarta.

Kalgo yanzu garin baƙi ne. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda mazauninta ke Kalgo, a 2013, ɗalibai da ma'aikata da masu hidimar ƙasa ke zuwa daga kowace kusurwa. Wanda ya tashi yana tsintar naman kaza da kakarsa a Binuwai ko Ondo zai iya ganin wata babba fara a filin ƙwallo ya ce ai irin ta gida ce. Sau da yawa abin da ya gani Chlorophyllum molybdites ce, mai son ciyawa da taki a ƙasashe masu zafi. Tana da kyan gani, tana da zobe, haƙarƙarinta fari ne tana ƙarama, sai ta manyanta yake komawa kore-kore, ƙurarta ma koriya ce. Cikin awa ɗaya zuwa uku take sa amai da gudawa mai tsanani, wani lokaci har da jini.

Ilimin tsinta na ƙasarsa ne, ba ya bin mutum in ya yi tafiya. A 2021 wasu 'yan uwa biyu 'yan Afghanistan, mai shekara 5 da mai shekara 6, waɗanda aka kwaso daga Kabul zuwa wani sansani kusa da Warsaw a ƙasar Poland, sun rasu bayan iyalinsu sun yi miya da abin da suka tsinto a dajin wurin. An yi wa babban cikinsu dashen hanta, bai rayu ba.

Akwai gwaje-gwajen gargajiya da ke yawo a ƙasashe da dama, kuma babu na dogara a ciki. Wai in tsutsa ko dodon koɗi na ci, mutum ma zai iya ci: ƙwari na cin wadda ke kashe mutum su kwana lafiya. Wai in aka sa cokalin azurfa ko albasa a tukunyar za su yi baƙi in akwai guba: ba sa yi. Wai tafasawa da zubar da ruwan farko na kashe dafin: amatoksin ba ya jin wuta, ba ya jin shanya, ba ya jin gishiri. Sabon gwajin zamani shi ne a ɗauki hoto da waya a tambayi manhaja. Masu bincike a Ostareliya sun gwada uku daga cikin fitattun manhajojin nan, suka wallafa sakamako a 2023: wadda ta fi ƙoƙari ta yi daidai a kashi 49 cikin 100 ne kawai. Wannan kuma a ƙasar da aka yi nisa wajen tattara hotunan nau'o'inta, balle abin da ya fito a garken Maruda.

Ƙarfe nawa ya ci?

Abin da na fi so mai karatu ya riƙe daga wannan rahoto shi ne agogo. Tazarar da ke tsakanin ci da fara ciwo ta fi kowace alama faɗa wa likita abin da yake fuskanta, kuma abin ya saɓa da yadda hankali ke zato: wadda ta yi saurin tayar da ciki galibi ita ce mai sauƙi.

In ciwo ya taso cikin awa uku na farko, yawanci ko dai mai ɓata ciki ce, ko mai juya hankali, ko mai dafin muskarin irin na dangin Inocybe. Wannan na ƙarshe yana sa gumi ya yi ta tsiyaya, yawu na dalala, hawaye na zuba, baƙin ido ya tsuke, bugun zuciya ya ragu, kusan yadda wanda ya sha fiya-fiya ke yi, kuma allurar atirofin da ake yi wa wancan ita ake yi wa wannan. Duka suna buƙatar asibiti, musamman ga ƙaramin yaro da ruwan jikinsa ke saurin ƙarewa.

Amatoksin kuwa shiru yake yi. Awa 6, awa 12, wani lokaci har awa 24, yaro na wasansa, ya ci tuwo ya yi barci. A wannan lokacin dafin ya riga ya bi jini ya shiga hanta, ya tsayar da aikin da ƙwayoyinta ke yi na ƙera furotin. Sannan amai da gudawa su ɓarke kamar da bakin ƙwarya, kwana ɗaya ko biyu. Sai kuma su lafa. Yaro ya tashi zaune, ya nemi kunu, gida ya cika da hamdala. A rana ta uku zuwa ta biyar ido ya yi ruwan ɗorawa, fitsari ya ragu, jini ya ƙi daskarewa, hankali ya gushe. An ƙiyasta cewa kimanin miligiram 0.1 a kan kowane kilo na nauyin jiki ya isa kisa, wato miligiram ɗaya tak ga yaro mai kilo 10. Kusan kashi 90 cikin 100 na mace-macen laimar kwaɗi a duniya wannan dafi ne sanadinsu.

Yanzu a ɗora wannan a kan damunarmu. Watannin da laimar ke fitowa su ne watannin kwalara. A 2021 hukumar daƙile cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta lissafa fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da ita a Najeriya, fiye da 3,500 suka rasu, Kebbi na cikin jihohin da abin ya shafa. Ma'aikacin lafiya a ƙaramin asibitin ƙauye da aka kawo wa yaro mai amai da gudawa a Agusta yana da kowace hujja ta ya ce kwalara ce, ya ɗaura ruwa. Ɗaura ruwan daidai ne, ko da dafin ne ma shi ne matakin farko. Haɗarin yana rana ta biyu, lokacin da yaro ya warware aka sallame shi, ya koma gida da hanta tana mutuwa. In ya dawo da shawara, sai a ce wata cuta ce daban. Tambaya guda ke raba waɗannan hanyoyi biyu, kuma ba ta cin minti ɗaya: "Inna, jiya ko shekaranjiya an ga ya sa wani abu a baki a wajen garke ko cikin ciyawa? Da wane lokaci ne?" Yayyensa da suke wasa tare sukan fi uwar sani, sai dai tsoron duka kan rufe musu baki, don haka a tambaye su da lallashi.

A gida, abin yi kaɗan ne. A cire abin da ya rage a bakinsa, a lura da lokaci ko da da sallolin yini ne, a tono ragowar laimar daga inda ya tsinta har gindi, a naɗe a takarda. Leda na sa ta narke ta zama ruwa kafin a isa. Mai waya ya ɗauki hoton sama da ƙasa da gindi da wurin da ta fito. Kada a ɗura masa manja ko madara ko ruwan gishiri don ya yi amai, domin yaro na iya shaƙewa abin ya gangara huhu. Kada a ba shi farasitamol ko jiƙo ba da izinin likita ba, hantar ba ta buƙatar ƙarin kaya. Sannan a tafi asibiti tun yana lafiya lau, saboda gawayin asibiti na musamman da ke kama dafi a ciki ya fi aiki a awannin farko. In alamu sun nuna dafin hanta, wurinsa babban asibiti ne mai iya gwajin hanta da na daskarewar jini a maimaita kullum, irin su asibitin tarayya da na Sir Yahaya a Birnin Kebbi, ko na koyarwa da ke Kalgo, ko na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Likitoci kan haɗa ƙarin ruwa mai yawa da maganin nan da ake ba wanda ya sha farasitamol fiye da kima, da wasu magungunan kare hanta, kuma wanda aka fara wa da wuri ya fi samun tsira nesa ba kusa ba.

Akwai aikin da ke jiran jami'o'inmu biyu, ta Kalgo da ta Aliero. Littattafan gane laimar kwaɗi da ke hannun mutane akasari a kan Turai da Amurka aka rubuta su. Ɗaliban nazarin halittu na neman abin da za su yi binciken kammala karatu a kai duk shekara, ga shi kuwa a bakin ƙofa, daga Yuli zuwa Satumba. A tattaro daga garake da fadamun Maruda da Dalijan da Kambaza, a ɗauki hoto, a yi zanen ƙura, a busar a adana, a zauna da makiyaya da tsofaffin mata a rubuta sunayen da suke kiran kowace da abin da suka gani tana yi wa mutum ko dabba. Daga nan za a iya fitar da takarda guda mai hotuna, da Hausa da ajami, a manna a bangon kowane ɗakin shan magani na Gwandu da Kalgo, a rubuta tambayar lokacin ci da manyan baƙaƙe a samanta, da gargaɗin kada a sallami yaron da ya ci laimar kwaɗi don kawai amai ya tsaya.